Fata Ba Ta Jemuwa Rana Ɗaya

A majemarmu ta bayan Ƙofar Wambai,
rediyona na rataye a ƙusa,
hannuna cikin kwatarniyar bagaruwa,
sai na ji an ambaci sana'ar ubana.
Wai ƙudiri ne kan fitar da ɗanyen ƙirgi,
an yi masa karatu na ɗaya a Abuja.
Na ce wa Sammani, ƙara sauti,
yau an tuna da masu wari a majalisa.

Karatun farko suna kawai ake kira,
ɗanyar fata ce aka jefa a ruwa,
ba a taɓa gashi ba, ba a sa wuƙa ba.
A na biyu aka yi ta cacar baki.
Kujeru ɗari uku da sittin a koren zaure,
wasu na huci, wasu na danna waya,
sandar girma na kwance gaban kakaki,
ita kaɗai ce ba ta fita shan iska ba.
Masu e suka rinjayi masu a'a,
guduma ta sauka, kwamiti ya karɓa.

Kwamiti kuwa ramin toka ne da kanwa.
Wata fatar kan shiga da gashi ta fito sumul,
wata ta ruɓe a ciki, babu mai tambaya.
Suka ce jama'a su zo a ji ta bakinsu.
Muka yi karo-karo a gindin dalbejiya,
dukawa suka ba da nasu, Barira mai koko ta cika,
muka sa Sammani a mota a Unguwa Uku
da takarda shafi huɗu
da jar fatar akuya guda.

Minti uku aka ba shi.
Na farko ya tafi wajen gaisuwa,
na biyu lasifika ta shaƙe,
a na uku ya shimfiɗa fatar a tebur,
ya ce, wannan Kano ce ta jeme ta,
in ta riƙa fita ɗanya, mu me za mu jema?
Wani ya shinshina ya kau da kai.
Wata mai tabarau ta rubuta layi biyu.
Layin nan biyu muke riƙe da su har yau.

Da aka gama karatu na uku
na sayi goro zan raba,
Sammani ya ce, Baffa, mai da shi aljihu,
akwai jan zaure a ƙetaren baranda.
Dattawa ɗari da tara, uku-uku kowace jiha,
ɗaya na birnin da suke zama.
Su ma sai sun jiƙa, sun kankare, sun shanya.
Suka yanke wani sashe, suka ɗinka wani,
sai ga jaka ɗaya da baki biyu,
dole dukawan zaurukan su zauna
su daidaita ɗinkin kafin a kai gaba.

Gaba kuwa teburin shugaban ƙasa ne.
Kwana talatin, ko ya sa hannu ko ya maido.
In ya maido, wai suna da ikon wuce shi,
in biyu cikin uku sun tsaya kan ƙafa.
Na ce, su da ke raba kuɗin ƙasa,
su kira minista ya zo ya yi rantsuwa,
ashe har tsige mai tebur suna iyawa?
Ya ce, a takarda, Baffa, suna iyawa.

Damina biyu ke nan, rediyo shiru.
Tireloli na wuce Dawanau da dare,
ban san me suka rufe da tamfol ba,
amma hancina ya girme ni a sana'a.

Ba na zargin jinkiri.
Fatar da aka tsamo da wuri tsagewa take,
takalminta ba ya kai sallah.
Mu majema mun san haƙuri.
Mun kuma san warin abin da aka manta a rami,
kuma katin zaɓena na cikin jakar da na jeme,
goron na kusa da shi,
ya bushe, ban yar ba.